Ƙasar da Hudu Ya Aiko Daga Lyon

Ƴata Raliatou tana da shekara bakwai farfaɗiya ta fara kayar da ita. Lokacin muna zaune a Faransa, a unguwar Clichy-sous-Bois, a hawa na shida na wani bene, ni kuma ina tsaron shagon atamfa na wani Alhaji a unguwar Château Rouge. Likita ya ɗora ta a kan ƙwayoyi, safe da yamma. Faɗuwar ta ragu amma ba ta daina ba, kusan kowane wata sai ta yi sau ɗaya. Ga shi ƙwayoyin sun mai da ita kamar wadda ba ta gama farkawa ba. Malamarsu ta ce a kan tebur take barci. Ni kuwa ko ina cikin auna yadi, da na ji tarho ya yi ƙara sai in ajiye almakashi in ruga in ɗauka.

Mun yi rubutun sha, mun yi hayaƙi, tsohuwata ta aiko da saiwoyi daga garinmu Tasawa har sau biyu. Shiru.

Hudu ɗan baffana ne, ɗaki ɗaya muka tashi, kuma a wurina ya sauka ranar da ya fara taka Faransa. Daga baya ya sami aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da birnin Lyon. Da babbar Sallah ta 1984 ya zo mana, kuma a gabansa yarinyar ta faɗi, muna cikin cin nama. Bayan ta lafa muka fita baranda, ya ce akwai abin da yake jin nauyin faɗa. Wai a kan tudun Lyon akwai wata tsohuwar coci, a ƙarƙashinta an ajiye ƙasusuwan mutanen da sarakunan Rum suka kashe saboda sun ƙi barin Annabi Isa. Wani Baturen da suke aiki tare ya rantse masa cewa matarsa, wadda ƙafa ta riƙe shekara biyu, a can ta miƙe.

Na kwana uku ina juya maganar. Waɗannan mutane sun mutu tun kafin zuwan Manzon Allah, a lokacin da bin Annabi Isa shi ne gaskiya. Ashe ke nan shahidai ne. A gida kuwa na ga yadda ake ɗebo ƙasar kabarin waliyyi a jiƙa wa marar lafiya. Ban tambayi malami ba, don na san kafin la'asar duk Château Rouge ta ji cewa ni Chaibou na koma bin coci. Na kira Hudu na roƙe shi, don zumuncin da ke tsakaninmu, ya shiga ya ɗebo mini ko cikin cokali ne. Ya ce, “Yaya, ka ɗauka an yi.”

Bayan mako biyu wani ɗan gwangwanin shayi ya iso ta gidan waya, cike da baƙar ƙasa. Na yi alwala kafin na buɗe. Kowace safiya na jiƙa kaɗan a kofi, na tace da farin ƙyalle, na yi bisimilla na ba ta, ragowar na shafa mata a ka. Kwana bakwai muka yi haka.

Wata ɗaya ya wuce ba ta faɗi ba. Na biyu ya wuce. A na uku na ce a daina ƙwayoyin. Matata Zouera ta ƙi, ta ce a haɗa duka biyun, me zai ragu. Na ce mata wanda Allah ya warkar ba a ci gaba da yi masa magani, rashin godiya ne. Na juye kwalbar a masai a gabanta, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ran nan na kira Hudu na gaya masa abin da na yi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Yarinyar kuwa ta dawo. Ta koma surutu, ta koma tsokanar ƙannenta, har ta koyi tsallen igiya. Tun ranar da gwangwanin ya iso na yi alwashi, in ta warke zan kai ta da ƙafarta ta gaishe da shahidan. Sau uku ina sa rana Hudu yana kawo uzuri, yau aikin ƙarshen mako, gobe mura. Da hutun makaranta na Fabrairu ya zo, na gaya masa kawai ranar Asabar muna cikin jirgin ƙasa na safe.

Ya tarye mu a tasha, ya ɗaga Raliatou sama yana kiranta amaryarsa, ita kuma tana cewa ba ta son tsoho mai warin masana'anta. Muka hau tudun. Sau biyu ya tsaya tambayar hanya, ya ce wancan karon ta wani ɓangaren ya biyo. Da muka kai ƙofar cocin ya ce mu shiga, shi zai sha taba.

Wata tsohuwa ce ke riƙe da mabuɗin. Ta kunna fitila ta sauka da mu matakala zuwa wani ɗaki mai sanyi. Na tuɓe takalmina, na sa Raliatou ta tuɓe nata. Ƙasusuwan suna can bayan ƙarfe da gilashi. Na yi musu sallama, na yi addu'a, hawaye suka zubo mini. Sai da na sunkuya zan sa takalmi na lura da daɓen. Dutse ne, shimfiɗe tun daga matakala har bango, an share shi tas.

Da ɗan Faransancina na tambayi tsohuwar inda ake ɗibar ƙasar. Ba ta gane ba sai da na maimaita. Ta ce babu ƙasa a nan, kuma ba a ɗaukar kome. Ta ce ta ji a zamanin da can masu ziyara sukan tafi da ƙura ko mai, amma ita shekararta goma sha ɗaya da mabuɗin nan, ba wanda ya taɓa fita da ko tsinke. Na kwatanta mata Hudu. Ta ce da ya zo da ta tuna. Da ta ji labarin yarinyar ta dafa kanta, ta ce za ta sa ta a addu'a, sannan ta tambaye ni ko dai tana shan maganinta.

Na bar Raliatou a kan benci cikin cocin na fita. Yana jingine da bango, tabar ta mutu a hannunsa.

“Daga ina ka ɗebo ta?”

Bai yi gardama ba. Ya ce ya zo unguwar da niyya, ya hango gicciye a saman ginin, ƙafarsa ta ƙi. Ya ji tsoron ya shiga ya fito ba addini. Ya kuma ji kunyar ya ce mini ya kasa. Sai ya ɗebo a gindin wata bishiya, a tashar bas ɗin da ke gaban masana'antarsu. Na san irin bishiyoyin nan na bakin titi, na san abin da karnukan Turawa suke yi a gindinsu.

“Amma Yaya, ai ta samu sauƙi. Allah ne mai warkarwa, ba ƙasa ba.”

“Ranar da na ce maka na zubar da ƙwayoyin, me ka ce mini?”

Ya dubi takalminsa.

“Kunyata ka ji, Hudu. Ita fa?”

Ya ce mu je gida, matarsa ta yi mana tuwo tun safe. Na shiga na kamo hannun ƴata muka gangara tasha. Ya biyo mu har rabin tudun, sannan na daina jin takunsa. A cikin jirgi ta tambaye ni me ya sa Baba Hudu bai yi mana rakiya ba, na ce aiki ya kira shi. Awa biyu ina kallon idonta da yatsunta.

Ranar Litinin na kai ta wurin likita na faɗi duk abin da na yi a gaban Zouera. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ciwon yakan yi shiru wata da watanni don kansa, ya kuma ce za a koma maganin a hankali, sai ya ɗauki lokaci kafin ya kama jikinta. A kwana na tara ta faɗi a matakalar makaranta. Haƙoranta biyu na gaba suka tafi, waɗanda ba sa sake fitowa, aka yi mata ɗinki a haɓa.

Hudu ya kira shago sau huɗu a watan nan. Na ce wa Alhaji duk ranar da ya sake kira a ce masa ina tare da masu saye.