Inda I'inar Ta Koma

A kamfanin ba da shawarar da yake aiki, babu wanda ya kai Jira-ni iya tsara rahoto, amma ba a taɓa barinsa ya tsaya gaban manyan baƙi ba. I'ina gare shi, irin ta marigayi mahaifinsa. Abokan aiki kan ce kafin ya gama sallama shayi ya huce, shi ma ya taya su dariya.

Sai manaja ya ɗauko wata malama ta koya wa ma'aikata iya magana. Aka ba ta ɗakin taro na sama, mai dogon tebur da tagar da ba ta buɗuwa. 'Yar siririya ce, ba ta ɗaga murya, ba ta rubutu a allo. Mutum zai tashi ya yi bayani, ita kuwa ta ƙura wa bakinsa ido. In ya gama sai ta maimaita abin da ya faɗa da muryarsa sak, har da aibin. Sannan ta ce, "To, sake."

Akantan ofishin, mai yawan cewa "ka gane ko" ya sake, babu ita. Sakatariya mai ƙarasa kowace magana da 'yar dariya ta sake, dariyar ta ɗauke. Aka yi ta tafi.

Da aka zo kan Jira-ni, malamar ta kwaikwayi i'inarsa har da yadda yake runtse ido. Ya ji sanyi ya bi ta maƙogwaronsa kamar ana zare wani abu. Ya buɗe baki, magana ta zubo kamar an kunna famfo. A makon nan ya yi wa baƙi bayani, manaja ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

Matarsa ta ce, "Na shiga uku! Da, kafin ka gama faɗa na gama wanke-wanke."

Ranar hutu ya je gaida mahaifiyarsa, wadda idanunta suka daɗe da mutuwa.

"Inna, barka da hutawa. Yaya ƙafar?"

Ta lalubo mayafinta ta yafa. "Wane ne?"

"Ni ne, Inna, autanki."

"Muryar dai taka ce. Amma ina ka baro mahaifinka? Tun da ya rasu, a bakinka nake jin sa."

Ranar da za a rufe horon, da kowa ya sauka cin abincin rana, ya hau ɗakin taron. Bai kai ga ƙofa ba ya tsaya cak. A ciki wani tsoho na kira a hankali, "B-b-babana. B-babana." Mahaifinsa kaɗai ke kiransa haka, kuma bai taɓa gaya wa kowa a ofis ba.

Ya tura ƙofar. Malamar ce ita kaɗai, tana naɗe wayar majigi.

"Malama, ki mayar mini da abin da kika ɗauka."

"Ai ban ƙwata ba, kai ka saki, ka gane ko?" Ta yi 'yar dariyar sakatariya. Ta ɗauki jakarta, ta zo daidai kafaɗarsa, ta runtse ido, ta ce da muryar tsohon, "K-k-ka gaida mahaifiyarka."

Bai iya juyawa ba sai da ƙarar takalmanta ta ɓace a matakala.

Bayan nan an ƙara masa girma, kuma yanzu shi ake turawa ko'ina. Ya nemi lambar malamar, manaja ya ce wani ne ya haɗa su, shi ma ya manta wane ne. Sau ɗaya ya gwada ƙirƙiro i'inar a gaban Inna.

"Bari," in ji ta. "Kada ka yi wa mamaci ba'a."

Ya koma gefe ya zauna, har matar yayansa ta shigo da ruwa.