Layi Arba'in

Zargi ne ya kayar da Babban Injiniya, ba tsufa ba. Ranar yana tsaye a kan 'yar ƙanwarsa, tabarau a goshi, yana ƙirga layukan rubutun da ke kwamfutarta da yatsa.

"Arba'in? Ni da layi dubu uku nake zana ƙwaƙwalwar mitar ruwa. Ina kika ɓoye sauran?"

"Kawu, ban ɓoye komai ba. A wannan sabon yaren kwamfuta ba a bin waya ɗaya-ɗaya. Ka faɗa masa abin da ke shiga da abin da zai fito, kamar lissafi, shi ya shimfiɗa wayoyin."

"Shi ya shimfiɗa! To ni sai in koma kiwon kaji."

Mai gwaji, da ke teburin gefe, ya yi dariya. Tsohon ya dube shi, ya dube ta. Wato bakinsu ɗaya, kujerarsa suke so.

Da suka fita cin abincin rana ya zauna a wurinta. Ya ga ta ba sashen da ke ƙirga ruwa waya sha shida, alhali shi takwas ya saba sawa. Me za ta yi da takwas ɗin da suka ƙaru? Ya rage su. Yaren ya ƙi, ya fito da jan rubutu. Ya sake gwadawa, yaren ya sake ƙi.

"Lallai yarinyar nan, har kulle ni ta yi."

Sai ya buɗe dogon zanen da yaren ya riga ya fitar, wanda ba a taɓawa da hannu, ya yanke wayoyin da kansa, ya aika masana'anta bai bi ta kan mai gwaji ba.

Da ta dawo ta gani, ta dafe kai.

"Kawu, ba ni na hana ka ba. Sauran sassan waya sha shida suke jira, shi ya sa ya ƙi. A kira masana'antar yanzu, kafin su fara bugawa."

"Ke kika koya masa ƙin. Ba wanda za a kira."

Bayan wata uku kwalayen ƙwaƙwalwar suka iso daga masana'anta. Mai gwaji ya sa ɗaya a mita, ya kunna famfo. Mita ta ƙirga har ɗari biyu da hamsin da biyar, iyakar abin da waya takwas ke iya riƙewa, ta koma sifili.

Ƙwaƙwalwa dubu shida aka zubar. Masu sayen suka koma wani kamfani, yarinyar ma can ta koma. Aka karɓe makullin ofishinsa. Ƙanwarsa kuwa, in ya kira, gaisuwa kawai take amsawa.