Takardar Barmo Maƙeri

Barmo maƙeri ne a Gure, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Da hauya da lauje ya fara, amma hannunsa ya fi faɗawa kan bindiga. Daga Gidigir har Alakoss, duk maharbin da kunamar bindigarsa ta saki, zauren Barmo yake nufa, a gyara masa, ya kuma sayi albarushi.

Shekara uku bayan fara ta cinye gero, Nasara ya kafa doka: ba mai sayar da bindiga ko albarushi a gida sai da takardar bariki. Barmo ya rufe zaure, ya yi wata bakwai yana zarya bariki neman takarda. Hauya kaɗai ba ta riƙe gida mai baki goma sha ɗaya, balle da rani. Amma mai nema ba ya fushi.

Ran nan Manzo, tafintan bariki, ya tare shi a hanya.

"Maƙeri, Laraba kumandan zai zo da kansa ya ga ma'ajinka. Ka raba wuta da albarushi, ka share gida, ka ɗinke bakinka. Ni ne bakinka."

Barmo ya gina ɗakin laka can ƙuryar gida, nesa da maƙera, ya sa ƙyauren giginya. Komai ya shirya, sai abu guda. Bai ja kunnen Abarshi ba, sarkin maharba, abokinsa tun suna tsinkar dabino a kwari. Su kuwa maharba, in babban baƙo ya zo wa nasu, da harbi ake tarbarsa. Rashin yin haka wulaƙanci ne.

Laraba da hantsi kumandan ya iso da askarawa biyu. Ƙafarsa ɗaya na cikin likkafa, sai bayan darni ya ɗauka: dam! dam! dam! Hayaƙi ya turnuƙe. Doki ya yi tsalle, hular Nasara ta faɗi cikin toka, askarawa suka saita bindigoginsu.

"Gaisuwa ce! Gaisuwa ce!" Manzo yana ihu, yana ɗaga hannu.

Kumandan ya kaɗe hularsa, fuska ta yi ja kamar gauta. Ya yi magana a hankali, Manzo ya juya.

"Ya ce bindiga shida ke da lamba a garin nan. Shi kuwa ya ji sama da ashirin. Na wa ne? Ka faɗi sunayensu, ka karɓi takardarka."

Sai yanzu maharban da ke bayan darni suka gane sun zo gyaran gira sun tsone ido. Kowa ya san dalilin ɓoye bindiga: wadda aka buga wa lamba, ranar da bariki ya so sai ya aiko a karɓe.

Barmo ya san muryar kowace ɗaya, kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Mai kaurin nan ta ƙarshe, ta Abarshi ce, wadda ubansa ya taho da ita daga Barno. Ya dubi takardar a hannun kumandan. Ya tuna rumbunsa.

"Ranka ya daɗe, guduma ta kashe mini kunne. Ban tantance ba."

"Kai, maƙeri," Manzo ya ce ƙasa-ƙasa, "haka zan faɗa?"

"Haka za ka faɗa."

Kumandan ya ninke takardar, ya sa aljihu, ya kama linzami.

Sai ga Abarshi ya ratso ta ƙofar darni, bindiga bisa tafin hannu biyu, gindinta gaba. Ya shimfiɗe ta a ƙasa.

"Tafinta, gaya masa tawa ce. Maƙeri bai kira mu ba, mu muka kawo kanmu. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. A buga mata lambar." Ya waiwaya. "Ku kuma, sai an aiko muku da goro?"

Ɗaya bayan ɗaya suka fito, har ashirin da uku. Wani tsoho yana ajiye tasa yana share ido da hannun riga.

Kumandan ya daɗe yana kallon jerin. Sannan ya shiga ya duba ɗakin laka, ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ya fito. A kan sirdi ya sa wa takardar hannu, ya miƙa wa Barmo. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada Barmo ya sayar wa kowa sai mai lamba.

Da suka tafi, Barmo ya durƙusa gaban Abarshi, takarda a hannu. Mutum ne da bai saba roƙo ba, bai kuma saba godiya da baki ba.

"Sarki, bindigar ubanka fa..."

"Tashi, kurman ƙarya. Gemu ya taɓa ƙasa a gaban jama'a?"

"In suka karɓe ta?"

"To sai ka ƙera mini wata. Ba yanzu kai ne mai takarda ba?" Abarshi ya miƙa masa bindigar. "Kunamarta ta yi tauri, tun kaka nake fama. Buɗe zauren nan, ni ne na fari."

Barmo ya karɓa da hannu biyu. Ya ture ƙyauren zaure, ya zauna, ya jawo zugazugi.