Wuyan Fatiha

Tun da surukata Iya ta zo mana Cheras, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, daga Kano, wuyan 'yata Fatiha ya shiga uku. Bayan wuyan ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, Iya ta ce dauɗa ce. Kullum sai ta ja yarinya 'yar shekara goma sha biyu banɗaki, ta dirje ta da soso, tana ɗaga murya don in ji daga kicin: "Uwa na nan zaune, 'ya ta zama ƙazama."

Na yi ta haɗiyewa, don ni ma na wanke bai fita ba. Fatiha ta daina cire hijabi ko a cikin gida, duk zafin garin nan.

Mijina Muntasir kuwa yana falo da kwamfutarsa. Digiri na uku yake yi a kan ciwon sukari a zuriyar mutanen Maluku da suka bar tsibiransu. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani, yadda ciwon ke kama kaka, ya bi ɗa, ya sauka kan jika. In ya gama wa'azin, sai ya ja Fatiha su sauka mamak, shagon shayin da ke ƙasan gininmu, ya cika ta da teh tarik, shayinsu mai zaƙi da madarar gwangwani.

Ranar da fatar ta tsage na kai ta asibiti. Likitar ta dubi wuyan, ta sa aka ɗebi jini. Ta ce wannan ba dauɗa ba ce, alama ce, sukarin yarinyar ya hau, kuma in ba a tashi tsaye ba ciwon zai kama ta. Ta tambaya ko akwai mai shi a dangi. Na ce babu, har da rantsuwata.

Da muka dawo na tsaya a kan Muntasir. "Baban Fatiha, ka san mene ne wannan baƙin?"

Bai ɗago ba. "Na yi zargi."

"Ka yi zargi! Kana zaune ana kankare maka 'ya?"

"Zuhra, ki rage murya. Iya tana da shi, ni ma an auna ni bara, an same shi. Ta ce kada a faɗa, ƙannena mata ba su yi aure ba, kar a ce gidanmu da ciwon gado."

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba. Ya san sukarin jikokin mutanen da bai taɓa gani ba, tasa 'yar kuwa yana saya mata shayi don ta daina kukan soso.

Iya ta fito daga ɗaki da faɗa. "Ciwon manya ne, me zai kai shi jikin yarinya? Ke dai ki koyi wanka." Tana juyawa mayafinta ya zame. Bayan wuyanta baƙi ƙirin, irin na Fatiha sak.

Fatiha na bakin ƙofa, ta gani. Yarinyar da sai an yi da gaske take amsa mana da Hausa ta cire hijabinta a hankali, ta dubi kakarta.

"Iya, ke ma ba kya wanka ne?"