Dutsen Niƙan Baba Andrawus

"Maman Yasmin, taimaka ki kama mini kujerar nan, ya ce sai waje!"

Maƙwabciyata Hannah ce ke kirana ta kan katanga, ko koko ban gama damawa ba. Na yafa mayafi na zagaya. Na tarar da mahaifinta, Baba Andrawus, a kujerar roba, hannun hagu a lanƙwashe kamar yadda ciwon shanyewar jiki ya bar shi, na dama riƙe da ƙoƙon ruwa. Muka ciccibe shi zuwa filin da ke bayan gidansu. Wallahi buhun masara ya fi shi nauyi.

"Nan," in ji shi. Maganarsa ta zama guntu-guntu tun da ya kwanta.

Muka ajiye shi yana fuskantar dutsen nan da ake hangowa daga unguwarmu ta Fadikpe. A gabansa akwai tsohon dutsen niƙan marigayiya matarsa, tsakiyarsa ta lotsa. Ya karkata ƙoƙon, ya tsiyaye ruwan a ciki. Sannan ya kore mu da hannu.

"Ku tafi. In da mutane, ba sa zuwa."

Su wa? Ban samu na tambaya ba, Hannah ta ja ni har ɗakina ta fashe da kuka.

"Haba Hannah, don tsoho ya zubar da ruwa?"

"Ba ki gane ba ne. Kakana shi ne mai tsafin ƙauyenmu. Haka yake yi, ya fuskanci dutse, ya zuba abin sha a kan wani dutsen, ya kira kakanni. Da Baba ya karɓi Yesu, korar kare suka yi masa. Duk rayuwarsa dattijon coci ne, yanzu kuma a bakin kabari zai koma tsafi?" Ta share hanci da gefen zane. "Ran Lahadi Fasto Josiah zai kawo masa jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin coci. In na faɗa, na tona wa ubana asiri. In na yi shiru, na yi wa Allah ƙarya. Ya zan yi?"

To ni Talatu, Musulma, me na sani a wannan? Mutumin da na sani shi ne wanda duk Sallah sai ya aiko mana da doya, wanda waƙarsa ta coci ke tashina kafin ladan. Amma na ga ruwan da idona, na kuma ji "ba sa zuwa" da kunnena. Kaina ya ɗaure tamau.

Abin ya hana ni sakat. Da Hannah ta tafi, na jawo turmi na kife a jikin katanga, na hau da girmana da komai, ina leƙen maƙwabci kamar mara aikin yi. Lokacin zafin Minna ne, wanda ko ƙadangare neman inuwa yake. Tsohon na zaune bai motsa ba. Har ƙafata ta fara sagewa, sai ga kurciya ta sauka a bakin dutsen niƙan. Sai wata. Sai waɗansu mitsi-mitsin tsuntsaye masu jan ƙirji, suna sha, suna wanka, suna watsa masa ruwa a ƙafa. Shi kuwa dariya yake da rabin bakinsa mai aiki, hawaye na bin kumatunsa.

Na sauko da gudu. "Hannah, tsuntsaye ne! Tsuntsaye yake shayarwa!"

Na zaci za ta yi murna. Ina! Sai ta dafe ƙirji. "Kakana ma cewa yake matattu kan zo a siffar tsuntsu."

"Ke dai Allah ya shirye ki! Yanzu kurciyar ma tsafi ce?"

Na faɗa da fushi, amma da na koma gida ni ma sai tambayoyi suka taso mini. Me ya sa sai ya fuskanci dutse? Me ya sa yake kuka?

Washegari da muka fito da shi, na kama hannunta na kai ta kan turmina. Ta daɗe a tsaye, yatsunta sun kama katanga. Can na ji wani sauti ƙasa-ƙasa daga bayan gidansu, waƙar nan tasa ta asuba, a karye, amma ita ce. Hannah ta diro ta zagaya, ina biye. Tsuntsayen suka tashi fir.

"Kin kore su," in ji shi.

Ta durƙusa. "Baba, don Allah gaya mini gaskiya. Da wa kake magana a nan?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunansa. "Da wanda ya yi su."

"Ba... ba su Kaka ba?"

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Babana ya ga dutse, ya tsaya a nan, bai kai ga wanda ya yi shi ba. Ni kuma na gudu, na ƙi ko kallonsa. Ina ta wa'azi Allah ya yi komai, ban taɓa zama na duba ba." Ya numfasa. "Kin ga jan ƙirjin nan? Ba wanda ya roƙi Allah ya sa. Ya sa ne kawai. Yesu na nan kusa, Hannah. Kusa sosai."

Ta kifa kai a gwiwarsa. Ni kuwa na juya, don ba na son a ga hawayena.

Bai kai Lahadin ba. Ranar Asabar da hantsi muka je ɗauko shi, muka same shi kai a sunkuye, ƙoƙon a cinyarsa. Fasto Josiah ya zo ya yi addu'a, coci ta binne shi da waƙoƙi. Na yi kuka sosai, har mijina ya ce ko ubana ne.

Bayan an watse da kwana biyu, da safe na ji ƙarar tsiyayar ruwa. Na hau turmi. Hannah ce a kujerar robar, ƙoƙo a hannu, tana fuskantar dutsen. Ba ta iya zama shiru kamar shi ba, sai gyara ɗankwali take. Kurciya ɗaya na kan katanga kusa da hannuna, tana karkata kai tana kallon ruwan. Na riƙe numfashina, kada na kore ta.