Alayyafon Bubayero

Shekara biyu ke nan Bubayero bai taka cikin garkensa ba, alhali daga bukkarsa a gefen Rimaye yana jin kukan shanun. Hayaƙin da ya yi shekara arba'in yana turara musu da damina ne ya cinye masa huhu. Taku ashirin sai ya tsaya, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi.

Ga shi saura mako uku 'ya'yansa su kora shanun kudu. A gidansu garke ba ya tashi sai uba ya shiga ciki da ƙafarsa, ya shafa su, ya yi addu'a. Shi kuwa ya sani ba lalle ya ga dawowarsu ba. An ce a kai shi bisa babur, ya ce shanu ma sai su yi masa dariya.

'Yarsa Zuliha, ma'aikaciyar jinya a Kankia, ta zo da dami guda na alayyafo.

"Baffa, ba warkewa za ka yi ba, kuma kada ka bar maganin shaƙarka. Amma ganyen nan na da sinadarin da ke buɗe hanyoyin jini. Wasu masu irin ciwonka sukan ƙara nisan tafiya."

"Ni akuya ne? Mutum ya tashi da nono, ya ƙare da ciyawa?"

"Mi ke maida ramammar saniya ta yi gudu, Baffa?"

Ɗanyar ciyawa ce. Wannan kam ba sai an gaya wa makiyayi ba.

Ya fara ci safe da yamma, yana yamutsa fuska. Kullum da hantsi sai ya nufi garke, inda numfashi ya ƙare ya kafa turke a wurin, ya zauna. Mako guda turken bai gusa ba. Ranar takwas ya wuce shi da taku shida, ya waiwayo yana kallonsa, tsoro ya kama shi. Ashe ganyen da yake takawa a bayan bukkarsa Allah Ya ɓoye wannan ƙarfi a cikinsa!

Turken ya yi ta tafiya, wata rana gaba, wata rana ya koma baya.

Ranar tashi, an gama ɗaura kaya a jakuna, ya fito. Ba wanda ya riƙe shi. Ya huta sau uku, a na ukun Zuliha ta juya baya don kada ya ga hawayenta. Ya miƙe, ya ratsa shingen ƙaya.

Shanu suka ɗaga kai gaba ɗaya. Wata tsohuwar farar saniya ta ture 'yan'uwanta ta zo, ta ɗora hancinta a ƙirjinsa, ta saki numfashi mai ɗumi. Ya buɗe baki zai yi addu'a, iskar ba ta isa ba. Ya riƙe ƙahonta kawai, leɓunansa na motsi, 'ya'yansa a bayan shinge suna cewa amin.