Sirdin Gaba

A Bunguɗu ne ƙafar Mas'udu ta ce ba ta san zancen ba. Kurkunun da ya daɗe yana yi masa ƙaiƙayi a idon sawu ya fasa ya leƙo, ƙafa ta kumbura ta yi suntum. Wanzamin garin ya kama kan abin ya naɗe a tsinke, ya ce kullum a murza kaɗan, kuma kada mai ƙafar ya kuskura ya taka wani abu da ƙarfi.

Garba yana zaune a gindin tsamiya yana jin su. Ji kawai yake yi, don idanunsa sun tafi tun a ƙasar Gwanja. Shi ne wan Mas'udu, uwa ɗaya uba ɗaya, mutanen 'Yandoto. A jingine da tsamiyar kuwa ga abin da ya kawo su daga can uwa duniya: keke mai sirdi biyu, mai feda huɗu, wanda duk garin da suka ratsa sai an fito kallonsa.

Tun yana saurayi Garba ya bi ayarin goro da jakunansa, har ya kai ana sa shi a gaban ayari. Ƙanen ya bi shi daga baya. A can bakin gulaben Gwanja ciwon ya kama shi, ya fara da ƙaiƙayin jiki, sannan gani ya riƙa raguwa har ya ɗauke. Fatake sun kai labari gida, ya san mahaifiyarsu Kulu ta ji. Suka ce ya biyo ayari, Mas'udu ya riƙe masa sanda a gaba, ya ƙi. Mutumin da ya bar 'Yandoto yana kora jakuna, a ce ya shiga garin a ƙarshen sanda, mata suna leƙe ta kan danga suna "Allah sarki"? Ya fi son a binne shi a Gwanja. Kalmar nan ita yake tsoro, fiye da 'yan fashi da kuraye.

Sai ga wani Baturen katako zai koma ƙasarsu, ya rasa yadda zai yi da keken da yake hawa shi da matarsa. Garba ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya ji sirdi biyu, ya tambaya ko na baya ma tuƙi yake yi. Aka ce ƙwarai. Nan take ya ba da sauran jakunansa ya karɓe. Zangon Hausawa ya yi dariya har da riƙe ciki, wai makaho ya sayi keke. Ya bar su da dariyarsu. Mas'udu a gaba da ido, shi a baya da ƙarfi, suka sha faɗuwa har suka iya, suka kamo hanyar gida.

Sun ga duniya, ko in ce ɗaya ya gani ɗaya ya ji. Sun ratsa Yandi da Sansanin Mangu, sun keta Gurma inda tayoyin suka daina riƙe iska, suka cusa musu ciyawa da tsumma suka ɗaure da igiyar fata. Sun haye Kwara a jirgin ruwa, mai fito yana ta addu'a kada ƙarfen ya jawo musu fushin ruwa. A yashi su sauka su tura, a gulbi su ɗauka a ka. Ga shi yanzu gida ya kusa, tsutsa kamar zare tana neman tsayar da su.

"Yaya, sai dai mu zamna nan har abin ga shi hita," in ji Mas'udu.

"Kurkunu ba shi da gaugawa, ni ko ina da ita," in ji Garba. "Ka ji iskan ga? Ruwa na bisa hanya. In damana tas same mu nan, sai kaka. Aza ƙahwarka bisa ƙarhe ka riƙe kan keke. Idonka nika so. Dama tun Gurma ni ka tura ka, kana gaba kana hura hanci."

Mas'udu ya yi dariya, don ya san da gaskiya a ciki. Washegari aka naɗe masa ƙafa, ya ɗora ta a kan ƙarfen keke, ɗayar ma ya ɗage. Garba ya yi bisimilla ya danna feda. Mutum biyu, da buhun goro, da tayoyin ciyawa, duk a kan cinyoyinsa. Zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf, numfashi yana fita kamar zugazugin maƙera, amma keke bai tsaya ba. A ransa kuwa daɗi yake ji irin wanda ya manta da shi, don yau ba mai cewa kaya ne shi.

Suka shiga Gusau kasuwa na ci. Garin ya cika da baƙi 'yan aikin dogo, ko'ina zancen jirgin ƙasa ake yi, amma da aka ga dokin ƙarfe mai mutum biyu sai aka bar zancen jirgi. Suka tsaya shan fura a bakin kasuwa. Mai furar, wata dattijuwa, ta miƙo ƙwarya, Garba ya miƙa hannu gefe guda. Ta dubi idanunsa, sannan ta kamo hannun ta sa masa.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe makaho na. Wanga na gaba shi na jagoranai. Sha, bawan Allah, sadaka ta."

Ba ta yi don mugunta ba, baiwar Allah. Amma da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Duk wannan tafiya, duk wannan zufa, ashe a idon mai kallo sanda ce kawai aka yi ta ƙarfe, aka sa mata taya. Na gaba jagora, na baya abin tausayi. Idan haka aka gani a Gusau, haka za a gani a 'Yandoto, haka Inna za ta gani.

Suka kwana suka tashi, har suka bar dutsen Kwatarkwashi a bayansu. Garba ya ji ƙasa ta canza a ƙarƙashin taya, ta yi tauri ta miƙe, hanyar motar Turawa ce mai zuwa Tsafe. Sai ya daina tuƙi.

"Tsaya. Sauka ka koma baya."

"Baya ina?"

"Sirdin baya. Ni za ni gaba."

Mas'udu ya sauka yana ɗingishi. "Yaya, rana ta tab buge ka? Mi kaka gani da za ka tuƙa mu?"

"Ina kat taɓa jin ƙane ya shiga gari gaban wanai? Da nib bar 'Yandoto ni ag gaba, haka za ni koma. Shekara nawa ina kora jakkai, ka taɓa ganin jaki da linzami? Mai sanda baya shika tsayawa, jaki na gaba. Saro tsumagiya."

"Wato in mai da kai jaki."

"Ni nib ba ka izini. In ka hwaɗi ma wani, sai na karya ɗayar ƙahwar."

Mas'udu ya so ya yi gardama, amma ya dubi fuskar wansa ya haɗiye. Ya saro tsumagiyar sabara, ya hau baya. Suka shirya: taɓawa a wuya, juyawa, taɓawa a hula, birki. Baki ba zai yi ba, don Garba ya rantse ba zai shiga gari ana yi masa ihun dama da hagu ba.

Garba ya kama kan keke. Ya danna. Keke ya yi tangaɗi, ya miƙe, ya fara tafiya. Can hanya ta ɗan karkata dama, Mas'udu ya taɓa shi a dama. Garba ya karya hagu da zuciya ɗaya. Sai ga su cikin sabara, keke a sama, goro a ƙasa, Mas'udu ya ɗaga ƙafar kurkunu sama yana salati.

"Dama nit taɓa ka!"

"Shi ya sa niy yi hagu. Kai wane irin ɗan ayari na? In ka bugi jaki ga dama, dama shika zuwa? Gudun sanda shikai."

Mas'udu bai san wannan ba. Shi ɗaukar kaya ya yi a ayari, bai taɓa kora ba. Sai dariya ta ƙwace masa, Garba ma ya kasa riƙewa, suka zauna cikin sabara manya da su suna ƙyalƙyala har hawaye. Suka tsince goro, suka sake hawa. A wannan karon aka bi dokar jakuna.

Sun faɗi sau da yawa kafin rana ta yi tsaka, gwiwar Garba ta ɗaye, wandonsa ya yage. Amma a hankali jikinsa ya gane. Taɓawa kaɗan, karkatawa kaɗan. Ya riƙa jin nauyin ƙanensa yana kwantawa tun kafin tsumagiya ta sauka. Iska ta fara dukan ƙirjinsa kai tsaye, ba bayan kowa a gabansa. Rabon da ya ji haka tun yana da ido.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da ya ji ƙamshin ɗorawa, sannan kukan kurciya a kan kukokin tsohon gari. Ba sai an gaya masa ba. Nan gangaren marina ne, can rijiya ce da guganta ke ƙara. Ƙafafunsa sun san wurin tun yana kai wa ubansa abinci gona.

"Yaya, mutane," in ji Mas'udu ƙasa-ƙasa. "Sun cika hanya."

"Yi shiru ka yi aikinka."

Ya sa babban yatsa ya kaɗa ƙararrawa. Yara suka watse suna ihu, suka dawo suka bi su a guje. Ya ji takun manya, ya ji tabarya ta daina daka a gida bayan gida. Wata murya ta ce, "Wanga ba Garba na ba?" Wata ta ce, "Anka ce ya makance." Wani tsoho ya amsa, "To kai mai ido, hau ka tuƙa mu gani." Aka kwashe da dariya, wata mata ta rangaɗa guɗa.

Garba ya kasa kunne yana jiran kalmar nan. Bai ji ta ba. Tsumagiya ta taɓa shi a hagu, ya yi dama, ya shiga lungunsu. Ƙirjinsa ya cika har yana jin zai fashe, ya ƙara danna feda maimakon ya rage, yara suna haki a baya. Sai ya ji taɓawa a hula. Ya matse birki, ya sauke ƙafa. Keke ya tsaya cak a ƙofar gidansu.

Hayaniya ta lafa. Ya ji takun tsohuwa, a hankali, da jan ƙafar nan da ya sani. Kulu ce. Shi ne ɗanta na fari, tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa abu hannu da hannu a gaban mutane ba. Ko da zai tafi Gwanja, bango ta kalla ta ce Allah Ya kiyaye. Yanzu tana tsaye kusa da shi, ya san idanunsa take duba. Nan ne tsoro ya kama shi sosai. Duk garin ya yi ta guɗa, in ita ta ce "Allah sarki", tafiyar ta tashi a banza.

Da ta yi magana, da ƙanen ta yi.

"Auta, mi as sami ƙahwarka?"

"Kurkunu na, Inna. Tun Bunguɗu ban taka komi ba. Yaya yak kawo ni."

"Shi ɗai?"

"Shi ɗai, da ni da goro."

Wata maƙwabciya ta kawo ruwa a ƙwarya, ta nufi Mas'udu, tunda shi ne mai ciwo. Garba ya ji ruwan ya yi motsi, an karɓe ƙwaryar a hanya.

"Ba haka akai ba," in ji Kulu. "In ayari ya sauka, na gaba ka hwara sha."

Ta tsaya a gabansa. Ba ta kamo hannunsa ba, ta bari ya miƙo da kansa, ta riƙe ƙwaryar daidai inda hannun zai zo. Yatsunsa suka taɓa nata.

"Sannu da hanya, madugu," ta ce.

Garba ya kafa kai ya sha, hawaye suna zuba cikin ƙwaryar, bai damu da wanda ya gani ba. Da ya ƙoshi ya miƙa wa ƙanensa ta bayan kafaɗa, ya ce a kama wa yaron nan ya sauka, ba shi da ƙafa.